Farautar sabis a bayan Shagari: Abin da kwana biyu a gindin motar albasa ya koya mini

Da misalin ƙarfe tara na dare yaron motarmu yana tsaye a ƙololuwar buhunan albasa, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen bodi, ɗayan kuma ya ɗaga waya sama kamar ɗalibin da ke neman malami ya ba shi izinin magana. Mu huɗu muna ƙasa mun ɗaga kai muna kallonsa: direba, dillali, manomin da ya sayar da albasar, sai ni da na biyo su don in rubuta labarin noman rani.

Motar ta mace ne tun la'asar, bayan an gama lodi a wata fadama da ke bayan Shagari, nesa da kwalta. Direba ya gano abin da ya lalace, amma sai an kawo daga Sakkwato. Manomi kuma ya ce ba zai koma gida ba sai ya ga alat ɗin kuɗinsa, ba kuwa wanda zai ga laifinsa, domin wahalar wata huɗu ce ke cikin buhunan nan. Albasa a ɗaure cikin zafin watan Maris ba ta jiran kowa. Duk waɗannan matsaloli kira ɗaya da saƙo ɗaya za su warware su, ga wayoyi shida a hannunmu, amma babu wadda ke nuna ko sanda ɗaya.

Labarin noman rani na rubuta shi tuni. Wannan na sabis ɗin ne ya ƙi barin raina, shi ya sa na koma na bi diddiginsa.

Masu gida a cikin mota

A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da ke sayen mota mai ɗaki da gado da madafa, su shiga daji ko bakin tafki su yi kwanaki don shaƙatawa. Suna kuka da rashin sabis, har an samu kamfanoni da ke ƙera musu na'urorin janyo shi.

Mu a nan ba shaƙatawa ke kai mutum kwana a mota ba, neman abinci ne. Duk wanda ya san hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega ya san su: direbobin tirela da kanta masu jiran lodi, masu haƙar rijiyar burtsatse da ke yin mako guda a ƙauye suna kwana a gindin injinsu, masu POS da ke bin kasuwannin mako, ma'aikatan rigakafi, manoman rani a bukkokinsu, da makiyaya a mashekari. A kan kwalta sabis bai cika zama matsala ba. Da zarar an sauka aka bi burji zuwa ƙauyukan ciki, sai labari ya fara canzawa, wani wuri ya kawo, wani ya ɗauke, wani lokaci tsakanin taku ashirin kacal.

Shekara ashirin da suka wuce wannan ba abin damuwa ba ne sosai. Sai a watan Agustan 2001 MTN da Econet suka fara aiki a Najeriya, Glo ya biyo baya a 2003, kuma an ɗauki shekaru kafin turaku su iso karkara. Amma yau ciniki ya koma cikin waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, manomin da bai taɓa shiga banki ba ya koyi jiran alat. Rashin sabis yanzu yana iya zama rashin kuɗin cefane, ko rashin hanyar kiran mota ga mai naƙuda.

Me ya sa yake ɗaukewa?

Waya ƙaramar rediyo ce mai ji da magana. Tana sauraron turken sadarwa, wanda muke kira ƙarfen sabis, ita ma tana mayar masa da amsa. Turken yana da ƙarfi da tsawo da manyan eriyoyi, ita kuwa waya da ɗan batirinta take magana. Shi ya sa sau da yawa za ka ga sanda ɗaya ko biyu amma kira ya ƙi tafiya: wayar tana jin turken, shi ne ba ya jin ta.

Abu na biyu, siginar ta fi son miƙaƙƙiyar hanya. Tudu, ginin ƙasa mai kauri, rufin kwano, kurmin itatuwa, duk suna rage mata ƙarfi. Fadama kuwa kwari ce, a nan ruwa ke kwanciya, don haka manomin rani yana aiki ne a wurin da ya fi ko'ina wuyar samun sabis a yankinsa. Mu ma abin da ya same mu ke nan. Motarmu tana cikin kwari, tudun da ke tsakaninmu da kwalta ya tare hanya.

Sannan ita kanta motar. Kan mota akwatin ƙarfe ne, sigina ba ta ratsa ƙarfe, sai dai ta lallaɓo ta gilashi. Direban da ke kwance a kujera yana zagin kamfani, da zai buɗe ƙofa ya fito ya hau saman kan motar, wataƙila da ya rage zagin da rabi.

Akwai kuma bambancin zango. Kamfanoni suna aika sigina a kan zango daban-daban: 2G a kan megahaz 900 da 1800, 3G galibi a kan 2100, 4G kuma a kan irin su 800 da 1800 da 2600. Ƙa'idar ita ce, ƙaramar lamba ta fi cin nisa kuma ta fi ratsa shinge, babbar lamba ta fi ɗaukar data da yawa amma ba ta nisa. 5G da MTN ya ƙaddamar a 2022, Airtel kuma a 2023, ta manyan birane ce, ba ta da abin da za ta yi wa mai kwana a fadama. Wannan ne sirrin ƙaramar waya mai madannai da dattawa ke ƙin rabuwa da ita. Ba ta ɓata lokaci wajen neman 4G, tana manne da 2G ɗinta, kuma cajinta na kwanaki.

Sandunan nan suna ruɗi

Babu wata doka da ta ce ga abin da sanda ɗaya take nufi. Kowane kamfanin ƙera waya yana zana nasa yadda ya ga dama, shi ya sa wayoyi biyu masu layi iri ɗaya a hannun mutum ɗaya za su nuna abu daban. Ma'auni na gaskiya wata lamba ce da ke ɓoye a cikin saitin waya, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin layi. Za ka gan ta da alamar cirewa a gabanta da haruffan dBm a bayanta. A wayoyin Android da yawa, danna *#*#4636#*#* yana buɗe shafin, a iPhone kuma *3001#12345#* sannan a danna kira.

Karatun lambar ba wuya. Duk yadda ta matso kusa da sifiri, sabis ya fi ƙarfi. Wajen -80 lafiya lau ne, -100 an fara wahala, daga -110 zuwa ƙasa kuwa sai addu'a. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bambancin 3 kacal yana nufin ƙarfin ya ninka sau biyu, bambancin 10 kuma sau goma. Wato idan ka matsa daga inda take -112 zuwa inda take -102, ƙarfin da wayarka ke samu ya ninka sau goma, alhali sandar da ke fuskar wayar wataƙila ko motsi ba ta yi ba.

Washegari da safe da wannan lambar na zagaya wurin. A yi taku kaɗan, a tsaya kamar rabin minti don wayar ta sabunta lissafinta, a duba. A gindin mota babu komai. A saman lodi akwai ɗan abin da saƙo zai iya fita da shi, wanda shi ne yaron mota ya samu da dare bayan ya kusa awa ɗaya a tsaye. A kan wata jiɓa da ba ta wuce tafiyar minti biyar ba kuwa, har kira ya shiga radau. Mun kwana muna wahala alhali magani yana bayan kunnenmu.

Mutanen ƙauye sun riga kowa sanin wannan ba tare da lamba ba. Kusan kowace tunga tana da bishiyar sabis ko tudun sabis ɗinta, har za ka ga an kafa ƙusa a jikin itace inda ake rataye waya. Baƙo mai hankali, bayan sallama da gaisuwa, tambayar da zai yi ke nan: Baba, a ina ake samun sabis a nan, kuma wane layi ne ke kawowa?

Gora, leda da tsohuwar waya

Dabarar da na fi gamsuwa da ita ba ta cin ko sisi idan kana da waya biyu. A kunna raba data ta Wi-Fi a ɗaya, abin da matasa ke kira hotsfot, a sa ta a cikin ɗan buhu ko safa, a ɗaure a kan doguwar gora ko a ɗora a saman lodi, sannan a zauna a inuwa da ɗayar ana amfani da intanet. Ta sama ita ke magana da turke, ta ƙasa kuma da ta saman take magana, tazarar mita goma ba ta gagare su ba. Da haka saƙon WhatsApp da manhajar banki suke tafiya, har da kiran WhatsApp idan an yi sa'a. Don kira na layi kuwa, abin kunne na Bluetooth yana yin aiki iri ɗaya.

Wanda sana'arsa ta dogara da intanet, kamar mai POS ko shugaban masu haƙar rijiya, ya fi masa ya sayi rawuta mai cin layi wadda ke da kafar haɗa eriya ta waje. Ana samun eriya mai kama da ƙashin kifi, irin ta talabijin ta da, wadda ake saita bakinta wajen da turke yake. Ba ta ƙara wa sigina wuta, tattara ta take yi daga fuska ɗaya, kamar mutum ya kanga tafin hannu a bayan kunne. Sai dai a lura da abu biyu. Dole eriyar ta dace da zangon da layinka ke amfani da shi a wurin, kuma kada wayar haɗin ta yi tsawo, domin doguwar waya mai arha tana shanye ribar da eriya ta samo kafin ta iso rawuta. Wajen saitawa a juya ta kaɗan-kaɗan ana duba lambar nan ta dBm.

Da damina a sauke gora da eriya da zarar hadari ya haɗu. Dogon abu a fili, ballantana mai ƙarfe, gayyatar tsawa ne, haka ma tsayuwa a saman mota ko a gindin bishiya ɗaya tilo.

Idan sigina ta yi rauni ƙwarai, a daina dogon buri. A shiga saiti a tilasta wa wayar ta tsaya a 2G, domin idan an bar ta da zaɓinta takan yi ta tsalle tsakanin 4G mai rauni da 2G, kira ya yanke a tsakani. Saƙon tes yana buƙatar ɗan sabis na daƙiƙoƙi kawai, haka ma lambobin banki masu farawa da tauraro ba sa buƙatar data. Manominmu da irin wannan lambar ya duba asusunsa a kan jiɓa ya ga kuɗinsa sun shiga tun daren jiya, saƙon alat ɗin ne bai samu hanyar isowa ba. Bayan doguwar tafiya kuma yana da kyau a kunna alamar jirgin sama na ɗan lokaci a kashe, don wayar ta saki turken da ta baro ta nemi na kusa.

Layi biyu na kamfanoni daban kuwa, ga matafiyi, wajibi ne. Ba zan ce ga wanda ya fi ba, domin amsar tana canzawa daga Sifawa zuwa Danchadi, daga Kajiji zuwa Lambara. A tabbatar an haɗa na biyun da lambar NIN kuma ana ɗan amfani da shi, kada a neme shi ranar tsanani a tarar an rufe. Akwai kuma 112, lambar kiran gaggawa ta kyauta. An ƙera wayoyi ta yadda wannan kiran zai iya bi ta turken wani kamfani ko da naka ba ya wurin.

Maganar busta

Duk wanda ya shiga intanet neman mafita, abin da za a fara tallata masa shi ne busta: eriya a waje, akwatin ƙara ƙarfi a tsakiya, wata eriyar a ciki. Ita ce masu motocin shaƙatawa na Amurka ke amfani da ita, kuma a can halal ce, domin hukumar sadarwarsu ta FCC ta kafa ƙa'idojin ƙera ta tun 2013, ana kuma yi mata rajista da kamfanin layi.

A Najeriya ba haka abin yake ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gargaɗi a 2021 cewa sayarwa ko kafa busta ba tare da izini ba saɓa doka ne, kamfanonin da ke da lasisi ne kaɗai aka yarje wa. Dalilin ba na son kai ba ne. Busta mara inganci tana mayar wa turke da hayaniya, kamar lasifikar masallaci da aka kusanta da makirufo ta hau kuwwa, sai ta lalata wa duk unguwa kira don mutum ɗaya ya samu sanda huɗu. Ko da halal ce ma, ba ta ƙirƙirar sigina daga babu, abin da ta tarar take ƙarawa. A cikin kwarin da muka kwana da ba ta tsinana mana komai ba.

Su kuwa 'yan lambobin da ake mannawa a bayan waya wai suna janyo sabis, da manhajojin da ke alƙawarin ninka shi, a bar kuɗin a sayi fawa bank.

Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, shi ba ruwansa da turke, da tauraron ɗan'adam yake magana, buƙatarsa sararin sama da wuta. Amma na'urar ta ɗaruruwan dubban naira ce, ga kuɗin wata. Kamfanin gina hanya ko ƙungiyar agaji za su iya, direban kanta sai dai ya ji labari.

Zafi da caji

Wannan ɓangaren ana yawan mantawa da shi. Idan sigina ta yi rauni, waya tana ƙara ƙarfin muryarta don turke ya ji ta, batir ya yi ta zuba, jikinta ya ɗau zafi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera wayoyinsa su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Sakkwato kuwa a watannin Maris da Afrilu tana haura 40 a inuwa. Wayar da aka bari a gaban gilashin mota da rana za ta rage wa kanta aiki ko ta mutu gaba ɗaya. Wadda aka ɗaure a gora ma a yi mata 'yar inuwa da farin ƙyalle ko kwali, ban da gwangwani ko takardar alminiyam, don su ƙarfe ne.

Inda aka tabbatar babu sabis, a sa waya a alamar jirgin sama har sai an je wurin da yake. Biyu daga cikin wayoyinmu shida sun mutu kafin asuba, ba a yi ko kira ɗaya da su ba, neman turke kawai suka kwana yi.

Idan turken ne ya yi shiru

Wani lokaci duk dabarar duniya ba ta aiki, domin matsalar tana can gindin ƙarfen. Turakun karkara da yawa da janareta da batura da sola suke rayuwa. Man gas ya ƙare, ko ɓarayi su kwashe batura, ko masu aikin hanya su tsinke wayar ƙarƙashin ƙasa, sai gari guda ya shiga duhu. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne. NCC kuma tana da lambar 622 ta kai ƙorafi kyauta idan an kai kuka ga kamfani bai yi komai ba, sai dai ita ma sai an hau tudu za a kira ta.

Akwai kuma wuraren da ba a taɓa kafa turken ba. Lissafin da NCC ta bayar ya nuna yankunan da ba su da sadarwa sun ragu daga 207 a 2013 zuwa 97 a 2022, amma har a lokacin kimanin mutum miliyan 27 ne ke zaune a cikinsu. Kamfani ba ya zuba kuɗi inda ba zai mayar ba, shi ya sa dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF don cike irin wannan giɓi. A 2025 Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya sanar da shirin kafa dubban turaku a karkara. Mutanen ƙauye sun sha jin sanarwa, ƙarfe a tsaye suke son gani.

Mutanen jihar nan sun ɗanɗana wani nau'in shirun ma. A watan Satumban 2021, bayan an katse sadarwa a Zamfara, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da rufe ta a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Sakkwato don yaƙi da 'yan bindiga, ciki har da Tureta da Dange Shuni da Tambuwal, maƙwabtan Bodinga da Shagari. A lokacin mutane kan yi tafiya mai nisa don kawai su gaya wa 'yan uwa suna raye. Na tuna wani dattijo yana raha cewa an koma zamanin da Shehu Usmanu yake Sifawa, ƙanensa Abdullahi yana Bodinga, saƙo sai a kan doki.

Wannan tarihin ya bar wani abu da baƙo ya kamata ya kiyaye. A yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, mutumin da ba a sani ba ya kafa doguwar gora da eriya, ko ya riƙa hawa tudu shi kaɗai da dare yana waya, yana iya jawo wa kansa zargin da zai yi wuyar wankewa. A fara zuwa wurin mai gari a gabatar da kai, a faɗi abin da na'urar take yi, a je tudun da rana tare da ɗan gari. Kafin a sauka daga kwalta kuma a kira gida a faɗi sunan ƙauyen da za a, da ranar da ake sa ran fitowa, a sauke taswirar yankin a waya tun ana da data.

Mu dai daga kan jiɓar nan direba ya samu bakanikensa, ya karanto masa lambar da ke jikin abin da ya lalace, ya kuma tura masa hoto bayan gwaji na huɗu. Da azahar ɗan acaɓa ya iso da shi daga bakin kwalta, aka ɗaura, sai dai duhu ya riga mu, direba kuma ya ce ba zai bi burjin nan da dare ba. Muka sake kwana, wayoyi a kashe, ban da ƙaramar ta manomi da ya bar mana rataye a reshen wata bagaruwa a kan jiɓar. Da sassafe yaron mota ya je ɗauko ta ya tarar da kira bakwai da ba a amsa ba, duk daga mai albasar.